Buhun Kwana da Saniyar Amana

Ku tambayi kowa a ofishin nan, daga mai gadi har mai kujerar da ke juyawa, za a gaya muku babu wanda ya kai Shu'aibu Mai Allura sanin kwanan daji. Na kwana a kan reshe, na kwana a ƙarƙashin babur, na kwana a bakin rafi har kwaɗi suka saba da minsharina suna ba ni amshi. Sauron Kaboji in ya gan ni sai ya gaishe ni kafin ya ciza. Saboda haka in ana batun kayan kwanan daji, ni ba a koya mini, ni ke koyarwa. Haka nake faɗa a da, haka nake faɗa yau. Sai dai akwai wata safiya a Bobi wadda ko zan manta hanyar gidanmu ba zan manta da ita ba. Tunda kuwa na ji an fara ba ku labarin a karkace a wajen mai shayi, gara ku ji shi daga bakin mai shi.

Ku sababbin ma'aikata, da wanda ma ba ya cikin aikinmu, bari in fara da yadda tsarin yake. A ofishin kula da lafiyar dabbobi likita ne a sama. A lokacin Dakta Ladidi ce, mace marar yawan magana, wadda in ta dube ka ta saman tabarau sai ka tuna laifin da ka yi bara. A ƙarƙashinta akwai mu malaman dabbobi, masu shiga ruga da allura. A gefe kuma ga mai sito, Baba Audu, mutumin Ibeto, wanda ko tsinken allura ba ya fita daga ɗakinsa sai ya kalle shi ya kalle ka.

Babban aikinmu na shekara shi ne rigakafin ciwon huhun shanu. Maganin sanyi yake so, a cikin kula ake ɗaukarsa da ƙanƙara, in ƙanƙarar ta narke ya zama ruwan banza. Shanu kuma da sassafe ake samunsu a garke, bayan an gama tatsa, kafin a kora su kiwo. Wanda ya ce zai taso daga Kontagora da asuba, zai isa ruga ya tarar da kashin shanu da mata suna kaɗa nono. Dole ne ka je da yamma ka kwana a can.

Abin kwanan da muke da shi a da wani tsohon tanti ne na tamfol, wanda nake zaton tun kafin a haife ni yake aikin gwamnati. Mutum biyu ke ɗaga shi, na uku yana yi musu addu'a. In ka ɗaure shi a bayan babur, kula ba ta da wurin zama, sai ka rungume ta a gaba kamar jaririya. Na yi shekaru ina ƙorafi a kansa a kowane taro, har aka fara ce mini Sarkin Tamfol.

To, a wata bazara, gab da faɗuwar damina, aka ce za a saya wa masu fita daji buhun kwana. Ba irin mai kaurin nan da ke da soso a ciki ba. Wannan siriri ne, dogo kamar buhu, na yadin da ruwa ba ya ratsawa. Ka shimfiɗa shi a ƙasa, ka zura kanka ciki, ka ja zif, shi ne ɗakinka, shi ne rufinka. Ɗan kwangila ya kawo samfuri uku, Dakta ta tara mu a ofishinta ta ce a zaɓa. Ƙa'ida ita ce a zaɓi ɗaya, a gwada shi a fagen aiki, a kawo rahoto, sannan a saya wa kowa.

Na farko yana da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da ke ɗaga yadin daga fuskar mutum, ga ragar sauro, amma da nauyinsa. Na biyu matsakaici ne, yadinsa mai laushi, shi ma da ragar sauro a wajen fuska da zif a gefe. Na uku kuwa, jama'a, in an naɗe shi bai wuce curin fura biyu ba. Ruwan lemo, sumul, yana ƙyalli. Na rataya shi a ɗan yatsana na ɗaga sama.

Na ce, "Ranki ya daɗe, an gama zaɓe. Wanda yatsa ɗaya ya ɗauka, me ya rage a tattauna?"

Baba Audu ya matso. Ya karɓi na biyun, ya kafa bakinsa a jikin yadin ya hura, ya tara tafinsa ta baya. Ya karɓi nawa, ya hura har kumatunsa suka yi kamar na mai algaita. Sannan ya ajiye.

Ya ce, "Wannan ba ya numfashi."

Na ce, "Baba, buhu ne ko akuya, da za mu nemi numfashinsa?"

Ya ce, "Shi ba ya yi. Amma wanda zai shiga ciki yana yi, kuma yana gumi. Kai kuma, Malam Shu'aibu, Allah ya hore maka wurin gumi." Ya faɗi haka yana duban tumbina.

Aka yi dariya. Ni kuwa dariya in an yi mini ita ƙara mini taurin kai take yi. Na miƙe na yi jawabi. Na ce masu zaman sito ba su san abin da kilo guda yake yi wa babur a cikin yashi ba. Na ce duk nauyin da aka rage a kayan kwana, ƙanƙara ce aka ƙara wa magani. Wannan magana gaskiya ce, kuma har gobe ban janye ta ba.

Dakta ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Jibi za ka rugar Arɗo Manu a Bobi. Ka tafi da shi. In ka dawo da rahoto mai kyau, shi za mu saya."

Sai na gaya muku wane ne Arɗo Manu. Dattijo ne dogo, siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta zube. Shekara da shekaru ya hana a taɓa masa shanu da allurar gwamnati, kuma in ya ƙi, rugage da yawa na kewayensa sun ƙi ke nan. Dakta ta yi ta zarya tana lallashinsa kafin ya yarda a wannan shekarar. Wato ba gwajin buhu kaɗai na tafi yi ba, na tafi da wahalar matar nan ta shekaru a bayan babur ɗina.

Na isa bayan la'asar. Aka karɓe ni da ƙwarya cike da kindirmo. Bayan magariba maza suka taru, na yi musu wa'azin da muka saba yi kafin allura. Da na zo kan leda sai na ɗaga murya, don a nan na fi gwaninta. Na ce leda ta fi kura ɓarna a garke. Saniya ta haɗiye ta, ta zauna a tumbi ba ta narkewa, dabba ta yi ta ramewa har ta faɗi. Na ce, "Duk wanda ya bar leda kusa da garke, shi ya yanka saniyarsa da hannunsa!" Suka gyaɗa kai. Arɗo ya ce, "Gaskiya ne, Likita." Su kowa ya zo da allura likita ne a wurinsu, ni kuma ban taɓa ganin dalilin gyara musu ba.

Da aka tashi, Arɗo ya nuna mini wata bukka da aka share, an shimfiɗa sabuwar tabarma.

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Arɗo, amma na zo da ɗakina." Na zaro curin daga aljihun jaka na warware.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Likita, baƙonmu a bukka yake kwana. Masara ce muke zubawa a buhu."

Na ce ai zamani ne ya zo. Ya ce Allah ya tashe mu lafiya. Tun a nan na yi kuskuren farko, amma a lokacin gani nake na burge shi.

Ba zan ja ku da labarin daren ba. Abin da zan ce kawai, na san yadda ɗanwake yake ji a tukunya. In na ja zif, na dahu. In na buɗe, sauron Bobi ya shigo da iyalansa da surukansa, don buhun ba shi da raga. Ga shi an ɗinka shi daidai mutumin da bai taɓa cin tuwo ba, in zan juya sai mu juya tare da shi. Da asuba na fito jage-jage kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Na karkata buhun, ruwa ya zubo. Ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba, duk nawa ne.

Na yi sauri, don kada kowa ya gani ya kai wa Baba Audu labari. Bayan salla na juya cikin buhun waje, na shanya shi a kan wani kalgo a bayan garke, inda ido ba zai kai ba. Na koma na buɗe kula, na fara jera sirinji, mata suna tatsa, maza suna shirya igiyoyi. Komai yana tafiya daidai.

Abin da na manta, ni da na shekara ashirin da wani abu a cikin shanu, shi ne babu abin da saniya ke so kamar gishiri. Ni kuwa na kwana ina zuba wa buhun nan gishiri.

Wata mata ce ta yi salati. Na waiga, sai ga wata farar saniya a gindin kalgon, ta ɗaga kai sama, idonta a lumshe don daɗi, wani abu ruwan lemo yana shigewa bakinta a hankali. Na yar da sirinji na zabura. Mutanen da suka ga gudun nan har yau suna ba da labarinsa, sun ce ƙasa ta girgiza. Na isa saura kamar kamu biyu da igiyar bakin buhun. Na damƙe. Ta ja, na ja. Ta ja ni ta cikin ƙaya, ta bi da ni ta kan abin da shanu suka ajiye da daddare, ban saki ba. Igiyar ce ta gaji da mu ta tsinke. Na zauna daɓas da guntun igiya a hannu, ita kuma ta haɗiye sauran, ta lashe hanci.

Da Arɗo ya zage ni da na ji sauƙi. Ya tako a hankali, ya shafa wuyan saniyar, ya kira sunanta, Fure. Sannan ya juyo.

Ya ce, "Likita, jiya me ka ce a kan wanda ya bar leda kusa da garke?"

Na ce, "Arɗo, wannan ba leda ba ce, yadi ne na musamman."

Ya ce, "Yana narkewa?"

Na dubi guntun igiyar da ke hannuna.

Ya ce, "Da tawa ce, sai in ce Allah ya kawo rabon mahauta. Ba tawa ba ce."

A nan na gane girman abin. Fulani suna da wata al'ada: mutum ya ba ɗan'uwansa ko amininsa karsana ya riƙe, ta yi masa haihuwar da aka yi alkawari, 'ya'yan su zama nasa, sannan ya mayar da uwar ga mai ita. Ba takarda, ba shaida sai Allah. Irin wannan saniya an fi tattalinta a kan ta gida, don mutuncin mutum ne ke tafiya da ƙafa huɗu. Fure ta wani amininsa ce na tun ƙuruciya, ta gama haihuwarta, bayan damina za a mayar da ita.

Arɗo ya ce, "Rufe akwatinka. Babu saniyar da allura za ta taɓa a nan, ko a maƙwabta, sai na ga Fure tana tuƙa."

Wani ya ce a ɗura mata man gyaɗa, wani ya ce kanwa, wani ya kawo maganar wuƙa tun tana da nama. A nan ne taurin kan nawa ya yi rana. Na tsaya a gabanta na buɗe hannuwa, ƙaya a wando, kashin shanu har kunne. Na ce babu mai ɗura mata komai, babu mai yanka ta. Na ce ni na sa buhun a inda ta same shi, kuma ba zan bar rugar nan ba sai tare da ita. Ga babur ɗina, ga makulli, na miƙa wa Arɗo. Bai karɓa ba, amma ya ɗaga wa mai maganar wuƙa hannu.

Sabis ɗin waya a wurin sai a kan wani suri. Na hau na kira Dakta.

Na ce, "Ranki ya daɗe, an samu ci gaba a gwajin."

Ta ce, "Shanu nawa ka yi wa?"

"Ba mu kai nan ba tukuna."

"Ina buhun?"

"Yana wuri mai kyau, ranki ya daɗe. Ko an yi ruwa ba zai taɓa shi ba."

"Malam Shu'aibu. Ina buhun?"

"Yana cikin saniya."

Har ta waya na san ta sauke tabarau. Sannan ta fara jero tambayoyi: tana numfashi sosai, cikin ya kumbura, yawu yana zuba? Na ce numfashi lafiya, cikin dai ya fara ɗagawa ta hagu. Ta ce kada a ba ta ci ko sha. Ta ce abu mai girman nan ba zai fita da kansa ba, sai an buɗe tumbi, kuma ba za ta yi wannan aiki a fili ba ga hadari ya haɗo, ga ƙuda, ga allurar kwanaki da za a bi ta da ita. Za ta turo motar ɗaukar kaya, irin wadda ake ce wa kanta.

Motar ta iso bayan azahar. Fure ba ta taɓa shiga mota ba, kuma ba ta ga dalilin farawa ranar ba. Aka ja motar da baya zuwa bakin wani kwari, aka haɗa ƙarti takwas, huɗu suna ja, huɗu suna turawa, ni ina ba da umarni har ta taka mini ƙafa na koma ba da haƙuri. Arɗo ya ƙi zama a gaba. Ya hau baya ya riƙe mata kai, ni ma na hau, kula a tsakanin ƙafafuna da maganin da bai ga saniya ko ɗaya ba. Ruwan farko na shekara ya same mu a hanya, ya yi mana dukan tsiya. Abin da ya kamata mu rufa da shi kuwa yana cikin tumbin Fure.

Ga wanda bai taɓa gani ba, a tsaye ake yi wa saniya wannan aiki. A aske gefen hagu, a kashe wurin da allura, a tsaga, a buɗe tumbi. Da muka isa ofis haka Dakta ta yi, ta zura hannu har kafaɗa, ta fara jawowa. Ga buhuna ya fito, yana ta fitowa kamar ba zai ƙare ba, ruwan lemon ya koma kalar miyar kuka. Ta sake zura hannu. Sai ga dunƙulen tsofaffin ledoji kamar kan mutum, ga igiyar roba, ga silifa ƙafa ɗaya.

Nan take raina ya dawo. Na ce, "Arɗo, ka gani? Ba don buhuna ba, wa zai san tana ɗauke da wannan kaya? Ai buhun nan ceton ta ya shiga yi!"

Dakta ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Riƙe mini fitila, ka rufe baki."

Kwana biyar Fure ta yi a rumfar bayan ofis. Ni ke mata allura, ni ke wanke ɗinkin, ni ke yanko mata ɗanyar ciyawa. Na ce ba zan koma gida ba sai ta tashi, kuma ban koma ba, ko da yake uwargida ta aiko a tambaya ko an ɗaura mini aure da saniya ne. Arɗo ya shimfiɗa tabarmarsa a barandar ofis, ya matsa gefe ya bar mini rabi. Wannan karon ban yi gardama ba.

A safiya ta uku muna zaune sai ya taɓa ni da sanda. Fure ta kwanta, ta lumshe ido, muƙamuƙinta yana juyawa a hankali. Tana tuƙa. Dattijon ya daɗe yana kallonta, ya yi hamdala, ya share fuska da gefen rawani. Sannan ya sa aka ƙulle masa ledojin da silifar a wani tsumma, ya ce zai kai wa mutanensa su gani da idonsu. Mako na zagayowa muka koma Bobi, shi da kansa ya riƙe saniyar farko, rugagen maƙwabta suka biyo baya. Bayan damina Fure ta koma hannun mai ita, da tabo a gefe da labari a kai. Na kwana uku a rugar a wannan zuwan, a bukka.

Abin da na koya, ku riƙe shi. In za ku zaɓi buhun kwana, ku ɗaga shi ku ji nauyi, wannan dole ne. Amma ku hura yadin ku ji ko iska na ratsawa, ku duba ragar sauro, ku shiga ciki da tumbinku na gaskiya ku juya. Kada ku shanya komai inda harshen saniya zai kai. Wa'azin da kuka yi wa mutane da yamma, ku ne na farkon da zai kama da safe. In kuma makiyayi ya share muku bukka, ku shiga, don ba wurin kwana kaɗai ya ba ku ba. Mutanen nan ba takardar shaidarka suke dubawa ba, suna duba ko za ka tsaya in abu ya ɓaci.

Ban ce na yi kuskure gaba ɗaya ba, ku lura. Ranar da aka zauna karɓar rahoto, Dakta ta ce na biyun za a saya, mai numfashin. Na miƙe na ce a rubuta cewa ban yarda ba. Na zaro buhuna, na wanke shi sau bakwai amma har lokacin ƙuda na bin sa, na rataya shi a ɗan yatsa na ɗaga sama. Na ce, "Ku faɗi duk abin da za ku faɗa. Amma a cikin ukun nan, wanne ne ya kai shi rashin nauyi? A ba ni amsa!"

Baba Audu ya toshe hanci da hularsa, ya dubi buhun, ya dube ni.

Ya ce, "Gaskiyarka, Malam Shu'aibu, da yatsa ɗaya ka fita da shi. Dawowarsa ce sai da ƙarti takwas da motar kanta."